Bitar LawPavilion: Neman Hukuncin Kotu a Kan Gado, Haraji, Ciniki da Haƙƙin Mallaka

LawPavilion kamfani ne da ke Legas. Sana'arsa tattara hukunce-hukuncen manyan kotunan Najeriya, ya tsara su, ya sayar da damar karanta su a kwamfuta ko a waya. Yana da manhajar da ake ɗorawa a kwamfuta mai suna Prime, da kuma Primsol wadda ake shiga ta intanet. Lauyoyi da alƙalai ne manyan abokan cinikinsa, amma akantoci, ma'aikatan sashen shari'a na bankuna, malaman jami'a da ɗaliban lauya su ma suna amfani da shi. Mun auna shi a kan fannoni huɗu da ke kai mutane gaban alƙali a shari'o'in da ba na laifi ba: gado, haraji, rigimar ciniki da haƙƙin mallakar fasaha.

Idan abin da kake nema hukuncin Kotun Ƙoli ne ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara, kayan aiki ne da ya ci kuɗinsa. Sai dai abin da yake miƙo maka shi ne maganar alƙali a ranar da ya yi ta. Gano ko maganar tana aiki har yau, da ko ta shafi jiharka da irin rigimarka, wannan aiki yana wuyanka. A gado da haraji kuwa, a nan ne shari'a take faɗuwa.

Kowane hukunci yana da lambarsa: shekara, sai haruffan LPELR, sai lamba, sai SC idan na Kotun Ƙoli ne ko CA idan na Kotun Ɗaukaka Ƙara ne. Shari'ar Ukeje da Ukeje, alal misali, ita ce LPELR-22724 ta 2014. Kotuna sun karɓi wannan lamba, alƙalan Kotun Ƙoli da kansu suna kafa hujja da ita a rubutunsu. A saman shafi za ka tarar da sunayen alƙalan da suka zauna, ranar hukunci, lambar ƙara, da taƙaitaccen bayanin yadda rigimar ta taso. Daga nan sai jerin ƙa'idojin da editoci suka tsamo daga cikin hukuncin, kowace da kanun maganarta, da sunan alƙalin da ya faɗe ta, da shafi da harafin sakin layin da take. Wannan tsari shi ne babban abin da ake saye. Lauyan da yake rubuta jawabin ƙarshe da dare, gobe da safe zai shiga kotu, yana iya samo ƙa'ida da wurinta cikin 'yan mintuna.

Tsarin nan kuma shi ne tarkon. Editoci sukan tsamo duk maganar da ta yi kama da ƙa'ida: wadda aka gina hukuncin a kanta, wadda alƙali ya faɗa a gefe yana wucewa, da wadda ta fito daga alƙalin da goyon baya kawai ya rubuta. A ido duk iri ɗaya suke, alhali ta farkon ce kaɗai take ɗaure ƙananan kotuna. Ba LawPavilion kaɗai ke da wannan hali ba, kundayen da ake bugawa a takarda ma haka suke. Amma sauƙin kwafowa da mannawa ya sa kuskuren ya fi yawa a nan. Dokar da muke ba kowane sabon lauya ita ce: kada ka kafa hujja da sakin layin da ba ka karanta shafi biyu kafinsa da shafi biyu bayansa ba, kuma ka tabbatar wane alƙali ne ya karanta jagoran hukunci.

Gado

A nan muka fi daɗewa, domin a nan ne mai neman hukunci daga Arewa ya fi samun abin da yake so, kuma ya fi saurin ɓata.

Rubuta kalmar gadon 'ya'ya mata, abin da zai fara fito maka shi ne Ukeje da Ukeje, wanda Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Afrilu, 2014, Mai Shari'a Rhodes-Vivour ya karanta jagoran hukunci. Mahaifin ya rasu a 1981 bai bar wasiyya ba, 'yarsa ta kai ƙara a Legas don an cire ta daga gado, kuma kotu ta ce al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta ci karo da sashe na 42 na Tsarin Mulki, saboda haka ba ta da tushe. A wannan rana dai kotun ta yanke Anekwe da Nweke, ta yi fatali da al'adar Awka da ke korar matar mamaci daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. Hukunce-hukunce ne masu nauyi, kuma rumbun LawPavilion ya kawo su cikakku.

Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauko su a kai gaban kotun Shari'a a Kano ko Sakkwato a ce sun taɓa rabon gado na Musulunci. Ba su taɓa shi ba. Abin da ke gaban kotu al'ada ce da ta hana mace komai, ba a yi jayayya a kan farillan gado ba. Kuma tun a 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello, wadda asalinta rigimar shuf'a ce a kan gida (wato haƙƙin a fifita mutum a kan wasu wajen sayen kadarar da ake sayarwa), Kotun Ƙoli ta bakin Mai Shari'a Wali ta bayyana cewa shari'ar Musulunci ba dokar al'ada ba ce, domin ba ta wata ƙabila ba ce. Manhajar ba za ta ja kunnenka a kan wannan bambanci ba. Kalmomin da ka rubuta take bi.

Batun wasiyya ya fi wannan haɗari. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba kuma ba a yi wa magaji ba sai da yardar sauran magada, sannan a raba abin da ya saura. To amma a 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta ce Musulmi yana iya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama, ko da hakan ya saɓa wa Malikiyya. Wanda ya tsaya a wannan hukunci zai ba mai dukiya shawarar da za ta jefa 'ya'yansa cikin shari'ar shekaru. Dalili kuwa, bayan hukuncin jihohi irin su Kaduna da Kwara da Oyo sun yi nasu dokokin wasiyya, suka cire wanda yake ƙarƙashin shari'ar Musulunci daga wannan 'yanci. A kan haka ne Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Ilorin ta soke wasiyyar wani Musulmi a shari'ar Ajibaiye da Ajibaiye a 2007, bisa dokar Kwara. Hukunci biyu ne masu kama da kishiyoyi, amma kowanne daidai yake a ƙarƙashin dokar da ta hau kansa. Tambayar farko ke nan a kowace rigimar wasiyya: wace doka ce take aiki a jihar? Amsar tana cikin dokokin jiha, sai ka buɗe su da kanka.

Sai hurumi. Sashe na 277 na Tsarin Mulki ya iyakance Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran da suka haɗa da aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. A shari'ar Magaji da Matari ta shekarar 2000, Kotun Ƙoli ta ce rigimar wane ne mai fili ba ta cikin wannan jeri. A aikace ga yadda abin yake: idan magada ne suke jayayya a kan rabon gonar mahaifinsu, gado ne. Idan wani daga waje ya ce ai shi ya sayi gonar tun marigayin yana da rai, rigimar ta koma ta mallaka, kuma ɗaukaka ƙararta Babbar Kotun Jiha za ta nufa. An sha rushe shari'ar da ta ci shekaru saboda an bi ta ƙofar da ba ita ba. A wannan fanni LawPavilion ya yi ƙoƙari ƙwarai, domin hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara daga rassan Kaduna, Kano, Sakkwato, Jos da Yola a kan hurumi suna da yawa, kuma jera su bisa shekara yana nuna yadda kotun take rarrabe rigimar gado da ta mallaka.

Wahalar bincike a nan ta rubutun kalmomi ce. Da Turanci ake rubuta hukuncin, kuma kowane alƙali da yadda yake rubuta kalmar Larabci. Hauzi, wato riƙon fili na tsawon lokaci mai shi yana gani bai yi magana ba, wanda ƙa'idarsa shekara 10 ce tsakanin bare da bare, kuma takan kai 40 tsakanin dangi, za ka same shi a rubuce hauzi, hauz ko hawz. Haka shuf'a da shufa, wasiyya da wasiyyah, hiba da hibah. Sunayen mutane ma haka: Yunusa a wani kundin Yinusa ne, Muhammadu yana iya zama Mohammed ko Muhammad. Wanda ya gwada rubutu ɗaya ya tsaya zai ɗauka babu hukunci a kan mas'alarsa, alhali akwai. Dabarar da ta fi aiki ita ce a nemi sunan littafin da alƙalai suka saba jawowa a mas'alar: Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, Mukhtasar na Khalil, Risala ta Ibn Abi Zaid, Ashalul Madarik ko Jawahirul Iklil. A haɗa sunan littafin da kalmar Turanci ta batun, sakamakon yakan fi tsabta. Idan nassin Larabci ya zo cikin hukuncin, a koma littafin a duba shi, kada a dogara da yadda aka buga shi ko fassarar da ke biye da shi, don harafi ɗaya yana sauya ma'ana.

Babban giɓin kuma ba laifin kamfanin ba ne, amma dole mai saye ya san shi. Mafi yawan shari'o'in gado a Arewa suna farawa ne kuma suna ƙarewa a kotunan Shari'a na ƙasa da Babbar Kotun Shari'a, da Hausa, a cikin littafin kotu. Waɗannan ba a buga su a irin wannan rumbu. Abin da ya iso intanet shi ne ɗan abin da aka ɗaukaka har ya kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda sashe na 247 na Tsarin Mulki ya ce alƙalai uku masana shari'ar Musulunci ne za su saurare shi. Kuma manhajar ba ta raba gado. Ba za ta gaya maka matar mamaci tana da tumuni idan akwai ɗa, rubu'i idan babu, ko yadda ake auli idan farillai suka fi asalin mas'ala ba. Wannan aikin malamin fara'id ne.

Haraji

A haraji matsalar ta shekaru ce: doka tana sauyawa da sauri fiye da yadda shari'a take kaiwa ƙarshe.

Ɗauki harajin ribar da kamfani ya raba wa masu hannun jari. A ƙarƙashin sashe na 19 na tsohuwar dokar harajin kamfanoni, shari'o'in kamfanin Oando da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, sun tafi a kan cewa idan ribar da aka raba ta fi ribar da aka yi wa haraji a shekarar, za a ɗora harajin kashi 30 a kan abin da aka raba, ko da daga tsohuwar ribar da aka riga aka biya wa haraji aka ɗebo. Dokar Kuɗi ta 2019 ta gyara sashen ta cire irin wannan riba. Hukuncin yana nan a rubuce, babu kotun da ta soke shi, majalisa ce ta janye dokar da yake tsaye a kai. Alamar manhajar da ke nuna ko wata kotu ta bi hukunci ko ta saɓa masa tana da amfani, amma gyaran majalisa sai ka bi shi da kanka. Haka shari'ar Vodacom da FIRS ta 2019, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kamfanin Najeriya da ya sayi hidima daga kamfanin tauraron ɗan'adam na ƙasar Holan shi zai tura harajin VAT, wato harajin sayen kaya da hidima. Daga baya doka ta shigar da wannan ƙa'ida a cikinta, aka kuma ɗaga harajin daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020.

Yanzu abin ya ƙara girma. Ranar 26 ga Yuni, 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji huɗu, babbar cikinsu ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta haɗe dokar harajin kamfanoni, ta harajin kuɗin shigar mutum, ta VAT, ta ribar sayar da kadara da ta hatimi a wuri ɗaya, sunan FIRS kuma ya koma NRS. Ma'ana, lambobin sassan da ke cikin kusan duk hukuncin harajin da za ka samu a rumbun na tsofaffin dokoki ne. Kafin ka kafa hujja da ɗaya, ka buɗe tsohon sashen da sabon gefe da gefe. Idan lafazin bai sauya ba, hukuncin yana da ƙarfi. Idan ya sauya, sai dai ya yi maka amfani a kan harajin shekarun da suka gabaci sabuwar dokar.

Akwai kuma hukuncin da aka fi jin labarinsa a rediyo fiye da yadda aka karanta shi. Ranar 9 ga Agusta, 2021 Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal, Mai Shari'a Stephen Pam, ta ce FIRS ba ta da hurumin karɓar VAT a Jihar Ribas. Ribas da Legas suka yi nasu dokokin VAT. Ranar 10 ga Satumba Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta ba da umarnin kowa ya tsaya inda yake, tarayya ta ci gaba da karɓa. Ɗan kasuwar da ya ji rabin farko ya daina turawa, tara da ruwa ya tara wa kansa. Irin wannan umarni na wucin gadi ba kasafai yake fitowa a matsayin hukunci mai lamba ba, don haka rashin ganinsa a rumbu ba ya nufin babu shi. Wanda yake son matsayar Kotun Ƙoli a kan karon harajin jiha da na tarayya ya karanta shari'ar Babban Lauyan Legas da Eko Hotels ta Disambar 2017, inda aka ce dokar VAT ta riga ta mamaye fagen, harajin sayarwa na Legas ba zai hau kan kaya ɗaya a karo na biyu ba.

Rigimar haraji ta yau da kullum kuwa ba a manyan kotuna take farawa ba. Tana farawa ne da takardar ƙin amincewa da kimar da hukuma ta yanka, cikin kwana 30, sannan ƙara a kotun sauraron ƙorafin haraji, ita ma cikin kwana 30. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, kimar takan zama tabbatacciya. Kotun tana da mazauni a Kaduna don Arewa maso Yamma, Bauchi don Arewa maso Gabas, Jos don Arewa ta Tsakiya, da Abuja, Legas, Ibadan, Benin da Enugu. Tana saka hukunce-hukuncenta a shafinta na intanet, akwai kuma kundin TLRN da ya keɓanta da haraji. Akantan da haraji ne kaɗai aikinsa ya fara da waɗannan biyun.

Ciniki da haƙƙin mallaka

A rigimar ciniki ne muka ga rumbun ya fi biyan buƙata, saboda ƙa'idojin sun daɗe suna taruwa a Kotun Ƙoli, kuma bin sawunsu daga hukunci zuwa hukunci shi ne aikin da aka gina manhajar don shi.

Jingina misali ce mai kyau. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta ce jinginar fili ba tare da amincewar gwamna ba, kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya buƙata, ɓatacciya ce, ko da mai filin ya mallake shi tun kafin dokar. Masu cin bashi suka riƙa fakewa da wannan. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta fayyace cewa ana iya sa hannu a yarjejeniya a nemi amincewar daga baya, yarjejeniyar tana nan a rataye har amincewar ta zo. Wanda ya buɗe Ajilo ya bi jerin hukunce-hukuncen da suka ambace shi zai iso nan cikin ɗan lokaci. A kundin takarda aikin yini ne.

Hukunci biyu za mu so kowane ɗan kasuwa ya sani ko da ba zai taɓa buɗe manhajar ba. Na farko Onuorah da Matatar Mai ta Kaduna, 2005: cinikin gwangwanaye ne marasa komai a ciki, aka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya saboda matatar ta gwamnatin tarayya ce, Kotun Ƙoli ta ce rigimar kwangila ce zalla, wurinta Babbar Kotun Jiha. Na biyu Okafor da Nweke, 2007: takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya mai rajista ba ta da inganci. An roƙi kotun ta sassauta a shari'ar First Bank da Maiwada, ta ƙi. Shari'o'i masu yawa sun rushe a kan wannan, ba tare da an ko duba wa ke da gaskiya ba. Mai ƙara ya dubi takardar da lauyansa ya shigar ya ga sunan mutum a ƙarƙashin sa hannun.

Inda ake zamewa a nan shi ne dokokin jiha. Wa'adin kai ƙarar kwangila shekara 6 ne a Legas da Abuja, a wasu jihohi shekara 5. Hukuncin da aka gina a kan dokar Legas ba zai ceci wanda ya makara a jihar da wa'adinta ya fi gajarta ba. Haka ƙa'idojin shigar da ƙarar bashin da ba a musu a kansa, kowace babbar kotu da nata. Sannan dokar kamfanoni ta 2020 da dokar sasanci da sulhu ta 2023 sun maye gurbin tsofaffi, don haka gargaɗin lambobin sashe da muka yi a haraji ya hau nan ma.

Haƙƙin mallakar fasaha shi ne fannin da hukunce-hukuncensa suka fi ƙaranci. Sashe na 251 na Tsarin Mulki ya ba Babbar Kotun Tarayya kaɗai hurumi, kuma da yawa daga rigingimun mawaƙa, marubuta da masu shirya fim ana sasanta su ko su tsaya a can. Waɗanda suka hau sama suna nan: shari'o'i biyu na ƙungiyar MCSN, mai karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu, a Kotun Ƙoli a 2018, da Adeokin Records da kuma Compact Disc Technologies, a kan ikon ƙungiyar na kai ƙara a matsayin wadda aka miƙa wa haƙƙi, da hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2020 da ya tabbatar da diyyar kusan naira biliyan 6 a kan Multichoice, kamfanin DStv. Duk an yanke su ne a ƙarƙashin tsohuwar dokar 1988. Sabuwar, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta kawo tsarin neman a sauke aikin da aka sata daga intanet. Furodusa a Kano da mawaƙinsa za su fi amfana da karanta dokar kanta: ba sai an yi rajista haƙƙi yake tabbata ba, amma miƙa shi ga wani dole a rubuce. Rigimar wa ya mallaki waƙar fim takan taso daga rashin wannan takarda.

Kafin a biya

Akwai wasu hanyoyin. Kundin NWLR, wanda Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, har yanzu shi ne wanda tsofaffin alƙalai suka fi sabawa da shi, kuma yana da nasa shafin na biya. Ba kowane hukunci yake bugawa ba, zaɓe yake yi, LawPavilion kuwa ya fi shi yawan hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara da saurin fito da sababbi. Kyakkyawar al'ada ita ce a kawo lamba biyu inda akwai: Ukeje yana kashi na 1418 na NWLR, shafi na 384, Okafor da Nweke yana kashi na 1043, shafi na 521. Shafin intanet na NigeriaLII kyauta ne, ya ishi ɗalibi ko ɗan jarida da ke son karanta hukunci guda. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa suna iya ƙago sunan shari'a da lambarta, don haka duk abin da suka ba ka sai ka gan shi da idonka a ɗaya daga cikin waɗannan kafin ya shiga takardar kotu.

Idan hukuncin da kake buƙata ba a buga shi ko'ina ba, kwafi mai hatimi za ka nema. Ka rubuta wa magatakardan kotun da ta yanke shi, ka sa lambar ƙara da sunayen ɓangarori da ranar hukunci, ka biya kuɗin da aka yanka ka riƙe rasit. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 yana son a ga shaidar cewa kwafin daidai yake da asali, da kwanan wata, da suna da muƙamin jami'in, da hatimi inda yake da shi. Rashin ɗaya yana sa a ƙi karɓa. Idan da Hausa aka rubuta hukuncin kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara za a je, a tanadi fassarar Turanci tun da wuri. Kada jiran kwafi ya cinye wa'adi: wata 3 ne ga hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 ga hukuncin tsakiyar shari'a.

Ofishin lauyoyi da ke shiga babbar kotu kowane mako, sashen shari'a na banki, da ɗakin karatun tsangayar lauya, waɗannan su biya, za su ci moriyarsa. Lauyan da yawancin aikinsa a kotunan Shari'a yake zai amfana da shi a batun hurumi da ɗaukaka ƙara, amma littattafan fiƙihu ne jarinsa na farko. Ɗan kasuwa ko magajin da rigima ɗaya ce ta dame shi ba ya buƙatar rajista, ya nemi lauyansa ya buga masa cikakken hukuncin da ya dogara da shi.

Rajistar hawa-hawa ce, ana kuma sabunta ta, saboda haka kada a yi cinikin biri a sama. A nemi gwaji tukuna, a shiga da shari'o'i uku da aka riga aka sani, ɗaya tsohuwa, ɗaya ta bana, ɗaya ta gadon Musulunci, a ga ko sun fito da yadda suka fito. A tambaya a rubuce ko matakin da za a saya ya haɗa da dokokin jihar da ake aiki da ƙa'idojin babbar kotunta, na'ura nawa za su iya shiga da rajista ɗaya, da abin da zai buɗu idan babu intanet. Tambayar ƙarshen nan ta fi muhimmanci ga wanda yake zuwa kotunan ƙananan hukumomi, inda sabis yakan ɗauke ana tsakiyar zama. Shi ya sauke hukunce-hukuncen da zai kafa hujja da su tun daga ofis, ya buga kwafi uku: na alƙali, na abokin shari'a, da nasa.